Kofin da Ke Ƙirga Motsi da Katakon da Ke Koyar da Karatu: Yadda Ƙaramar Sitika Ke Sa Kayan Gida Magana da Waya

A shekarar 2009 wasu masu bincike ƙarƙashin jagorancin Catherine Lang ta Jami'ar Washington da ke birnin St. Louis a Amurka suka wallafa sakamakon wani aiki da suka yi a cibiyoyin jinya 7 na Amurka da Kanada. Aikin nasu ƙirge ne kawai. Sun zauna a ɗakunan gashi, sun kalli zama fiye da 300 da likitocin fisiyo suka yi da masu fama da shanyewar ɓarin jiki, suna lissafa sau nawa majiyyaci ke amfani da hannun da ya shanye wajen yin wani aiki, kamar ɗaukar abu ko ajiye shi. Matsakaicin abin da suka samu shi ne sau 32 a zama ɗaya.

Adadin ya yi kaɗan matuƙa. A gwaje-gwajen da aka yi kan beraye da birai, inda aka ga ƙwaƙwalwa ta sake tsara kanta bayan rauni, dabbobin na maimaita motsi ne sau 400 zuwa 600 a rana. Tazarar da ke tsakanin 32 da 400 ba a asibiti za a cike ta ba, domin likita ɗaya ne, marasa lafiya kuwa layi guda. A gida za a cike ta, inda babu mai ƙirgawa, babu mai ƙarfafa gwiwa, kuma ɗaga kofi a ajiye sau ɗari aiki ne mai gundura ko ga mai lafiya.

Wannan giɓi na cikin dalilan da suka sa injiniyoyi da likitoci suka koma ga wata dabara mai araha: a liƙa wa kofin ƙaramar sitika mai ɗauke da lamba, ta yadda waya ko kwamfuta za ta gane shi duk lokacin da aka ɗora shi inda aka ce. Da dabarar ce kuma ake koya wa yara haruffa, lissafi da rubuta manhaja ba tare da sun ƙura wa sikirin ido ba.

Mece ce wannan fasahar?

Kusan duk abin da mai wayar zamani ke yi, da ɗan yatsa ɗaya yake yin sa a kan gilashi. Tura kuɗi, kiran waya, kallon bidiyo, duk shafar gilashi ce iri ɗaya. Alhali hannun ɗan Adam ya iya fiye da haka: ya iya damƙa, ya iya murɗawa, ya iya jin nauyi da kaushi, ya iya jera abubuwa ko a cikin duhu.

Fasahar da ake magana a kanta tana mayar da umarnin kwamfuta cikin abin da ake riƙewa a hannu. Maimakon a latsa hoton harafin "ɓ" a sikirin, sai a ɗauki guntun katakon da aka sassaƙa harafin a kansa, a ɗora shi kusa da na'ura, ita kuma ta furta shi. Katakon shi ne maɓallin.

Daga ina ta samo asali?

A shekarar 1992 wani ɗalibi mai suna Durrell Bishop a kwalejin zane ta Royal College of Art da ke Landan ya zana wata na'urar ajiye saƙon tarho. Duk lokacin da wani ya bar saƙo, sai na'urar ta gangaro da ƙaramin ƙwallon gilashi. Mai gida ya dawo ya tarar da ƙwallaye uku, ya san saƙonni uku ke jiransa. Ya ɗora ɗaya a wani gurbi, saƙon ya fito. Ya ɗora shi a kan tarho, tarhon ya kira wanda ya bar saƙon. Ba a kai na'urar kasuwa ba, amma har yau ana kawo ta misali a azuzuwan koyar da tsara manhaja.

Bayan shekara uku, a 1995, George Fitzmaurice da Hiroshi Ishii da Bill Buxton suka gabatar da wasu 'yan tubala da ake ɗorawa a kan teburi mai sikirin don jan zane ko juya shi. A 1997 kuma Ishii da ɗalibinsa Brygg Ullmer na cibiyar MIT Media Lab a Amurka suka wallafa maƙalar Tangible Bits, wadda ta zama tushen fagen baki ɗaya. Daga ɗakin bincikensu ne aka samu Urp a 1999, teburin masu tsara birane: a ɗora ƙananan siffofin gine-gine, na'ura ta haska inuwar da kowane gini zai yi da safe ko da yamma, a matsar da ginin, inuwar ta biyo shi.

Wanda ya fi yin suna a wajen jami'a shi ne Reactable, teburin kiɗa da aka fara ƙerawa a 2003 a Jami'ar Pompeu Fabra ta Barcelona a Sifen. Ana ɗora masa tubala, kowane da aikinsa wajen fitar da sauti ko sauya shi. Mawaƙiyar ƙasar Iceland, Björk, ta yi amfani da shi a rangadinta na 2007. Manhajar da ke gane tubalan, reacTIVision, kyauta aka sake ta ga kowa.

Ta yaya na'ura ke gane abin da aka ɗora mata?

Hanyoyi uku suka fi yawa.

Ta farko ita ce RFID da ƙanwarta NFC, wadda ke cikin katunan banki da ake karawa a jikin POS da kuma fasfo na zamani. Sitikar NFC ba ta da batir. Abin da ke cikinta zagayayyiyar siririyar waya ce da ɗan ƙaramin cip. Idan wayar hannu mai NFC ta matso kusa, wajen santimita 4 ko ƙasa da haka, sai eriyarta ta fitar da maganaɗisu a kan zango na megahaz 13.56. Zagayayyiyar wayar da ke cikin sitikar ta zuƙi wuta daga nan, cip ɗin ya farka, ya aika da lambarsa. Kowace sitika da lambarta ta daban tun daga masana'anta. Ma'ajiyarta ƙarama ce ƙwarai: nau'in NTAG213 na ɗaukar bait 144, NTAG215 na ɗaukar 504, NTAG216 kuma 888.

Wannan na nuna cewa babu murya ko hoto a cikin sitikar. Lamba ce kawai, ko gajeren rubutu. Manhaja ce ke riƙe da jadawalin da ke cewa lamba kaza na nufin a kunna murya kaza. Saboda haka kofin bai da wayo ko kaɗan, wayon na cikin manhajar, kuma shi ya sa ake iya sauya aikin sitika ɗaya sau da yawa ba tare da an ɓare ta ba.

Hanya ta biyu ita ce kyamara. A buga wata alama baƙa da fari a takarda, a liƙa a jikin abu, kyamara ta gane ta, ta kuma san inda take da yadda aka juya ta. Haka Reactable ke aiki, da kyamara a ƙarƙashin teburin. Wannan hanyar ta fi kowace araha tunda firinta kawai take buƙata, sai dai tana son haske mai kyau, kuma hannu na iya kare alamar.

Ta uku kuwa sananniya ce a kasuwannin Arewa, ko da yake ba kowa ya san yadda take aiki ba: alƙalamin karatun Alƙur'ani. An buga wasu ƙananan ɗigo-ɗigo da ido ba ya gani sosai a kan kowane shafi. A bakin alƙalamin akwai ƙaramar kyamara da ke karanta su, ta gane ayar da aka nuna, ta kunna karatun da ke cikin ma'ajiyarsa. Da irin wannan dabarar ƙungiyar makafi ta Birtaniya, RNIB, ke sayar da PenFriend: makaho ya liƙa sitika a kwalbar magani ko gwangwanin abinci, ya naɗi muryarsa yana faɗin abin da ke ciki, gobe ya ɗora alƙalamin ya ji.

A cikin aji

Koyarwa da abin riƙewa ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. Friedrich Froebel, Bajamushen da ya kafa makarantar ƙananan yara ta farko a ƙarni na 19, da tubalan katako ya koyar. Maria Montessori, wadda ta buɗe makarantarta a Rum a 1907, ta yi wa yara haruffa masu kaushi don su bi su da yatsa kafin su riƙe alƙalami. Duk wanda ya koyi tarawa da ɗebewa da tsinken ashana ko marafan kwalba a firamare ya bi ta wannan hanyar. Abin da sitika ta ƙara shi ne amsa nan take. Marfin kwalba ba ya gaya wa yaro ya yi daidai ko ya yi kuskure, amma marfin da ke da lamba zai iya.

A Jami'ar Tufts ta Amurka, Michael Horn ya ƙirƙiro Tern, harshen rubuta manhaja da 'yan katakai masu shiga cikin juna. Kowane katako umarni ne: tafi gaba, juya, maimaita. Yaro ya jera su, kyamara ta ɗauki hoton jerin, ƙaramin robot ya aiwatar. An girka shi a gidan adana kayan kimiyya na Boston, aka riƙa musanya shi da wani tsarin mai aiki iri ɗaya amma da linzamin kwamfuta. Binciken ya nuna cewa maziyarta, musamman yara mata, sun fi matsowa su gwada idan katakan ne a kan teburin, kuma an fi yin aikin tare. Dalilin a fili yake: linzami mutum ɗaya ke riƙe shi, katakai kuwa hannu shida na iya shiga cikinsu lokaci guda.

Daga wannan jami'ar ce Marina Umaschi Bers ta fito da KIBO, robot na yara masu shekara 4 zuwa 7. Katakansa na ɗauke da bakod irin na kayan kanti, robot ɗin da kansa ke karanta su ɗaya bayan ɗaya, babu waya babu sikirin. Kamfanin da ya ƙirƙiro Osmo, wanda aka kafa a 2013, ya ɗauki wata hanyar: ƙaramin madubi a saman kyamarar iPad, don ta riƙa kallon teburin da yaro ke jera haruffa. A 2019 kamfanin Byju's na Indiya ya saye shi kan dala miliyan 120. A Jamus kuma akwai Toniebox da ya fito a 2016, akwatin da ake ɗora wa 'yar tsana mai NFC sai ya fara ba da labari.

Matsalar ita ce kusan dukkan waɗannan kayan da Turanci, Jamusanci ko Faransanci suke magana, kuma kuɗinsu ya fi ƙarfin yawancin iyaye a Kano ko Maraɗi. Alhali Hausa na da buƙatar sauti fiye da yadda ake zato. Rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. "Gari" na zama da "gari" na tuwo rubutunsu ɗaya. Haka "fari" na launi da "fari" na rashin ruwan sama. Katin da ke da hoto a gaba, sitika a baya, da muryar malami ko uwa a manhaja, zai raba wa yaro waɗannan kalmomi cikin daƙiƙa guda. Haka zai taimaka wajen bambance "b" da "ɓ", "d" da "ɗ", "k" da "ƙ".

A ɗakin gashi

Alƙaluman duniya na 2019 sun nuna cewa mutum sama da miliyan 12 ke gamuwa da shanyewar ɓarin jiki a shekara, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya na cewa kimanin mutum biliyan 2.4 na fama da larurar da gashi da horon gaɓoɓi za su iya amfanarsu. Hawan jini ne kan gaba wajen jawo cutar. A Nijeriya akwai ƙarin wani dalilin: ita ce ƙasar da ta fi kowace yawan masu sikila, kuma sikila na iya shanye ɓarin jikin yaro tun yana firamare.

Abin da likitocin fisiyo suka daɗe da sani shi ne ƙwaƙwalwa na koyon abin da aka maimaita mata ne. Wanda ke son ya sake shan shayi da hannunsa, kofi ya kamata ya riƙa ɗagawa, domin nauyinsa da kaurinsa da yadda yatsu ke zagaye shi duk suna cikin darasin. Shafar gilashi ba ta koyar da wannan.

A kan haka aka gina TagTrainer a Jami'ar Fasaha ta Eindhoven da ke Holan, tare da cibiyar jinya ta Adelante. Allo ne mai fitilu da ke gane sitikar RFID. Likita ya liƙa sitika a jikin kofi ko wani abin amfanin yau da kullum. Fitila ta haska a wani gefen allon, majiyyaci ya kai kofin can, allon ya tabbatar, ya haska wani wurin. Babban abin da ya bambanta shi shi ne likitan da kansa ke tsara atisayen, ba sai ya nemi mai rubuta manhaja ba, don haka yana iya daidaita shi da bukatar kowane mutum. Masu binciken sun gano cewa likitoci na iya yin hakan, amma ƙarancin lokaci a wurin aiki na hana su yin sa yadda ya kamata.

A Jami'ar Birmingham ta Ingila, wani aiki mai suna CogWatch da Tarayyar Turai ta ɗauki nauyinsa ya mayar da hankali kan wata matsalar daban. Wasu marasa lafiyar hannunsu na motsi, amma jerin aiki ne ya rikice musu: su zuba ruwa kafin ya tafasa, ko su manta da ganyen shayi. Aka sa wa buta da kofi da sauran kayan shayi na'urorin jin motsi da nauyi, kwamfuta na bibiya, idan an tsallake mataki ta tunatar. A Ostireliya kuma, Jonathan Duckworth na Jami'ar RMIT da abokan aikinsa sun ƙera teburin Elements don masu raunin ƙwaƙwalwa, inda matsar da abubuwa ke fitar da launi da sauti.

Yaran da ba sa iya magana ma na amfana. Tun 1985 ake amfani da tsarin PECS, inda yaro ke miƙa katin hoton abin da yake so, ruwa ko abinci ko bayi. Idan katin na da sitika, na'ura za ta furta kalmar da ƙarfi, yaron ya ji ta duk lokacin da ya miƙa.

Abin da talla ba ya faɗa

Na farko, sitika ta san cewa kofi ya iso, amma ba ta san yadda ya iso ba. Majiyyaci na iya karkata jikinsa gaba ɗaya ko ya ɗage kafaɗa maimakon ya miƙa hannu, ko ma ya ɗauka da hannun mai lafiya, manhaja ta ba shi maki. Maimaita motsin da ba daidai ba sau ɗari uku na iya zaunar da shi a jiki. Idon likita ne ke kama wannan.

Na biyu, sabuwar na'ura ba ita ce magani ba. A 2016 mujallar Lancet Neurology ta wallafa gwajin EVREST da aka yi kan marasa lafiya 141 a ƙasashe 4. Dukkansu na samun gashin da aka saba. Rabi aka ƙara musu wasan Nintendo Wii, rabi aka ƙara musu wasanni irin su kati da ƙwallo da jera katakai. Ba a ga bambanci a murmurewar hannunsu ba. Ma'ana, ƙarin lokacin motsi ne ke aiki. Darajar na'ura tana cikin iya sa mutum ya ci gaba da yi, da kuma ƙirgen da za a nuna wa likita. A ɓangaren ilimi ma, tun 2007 wani mai bincike, Paul Marshall, ya ja hankali cewa hujjar da ke nuna yara sun fi koyo da waɗannan kayan ba ta kai yawan yabon da ake musu ba. Jan hankalin yaro daban, fahimtarsa daban.

Na uku, abin da ya dogara da kamfani yana tafiya da kamfanin. Wasannin 'yan tsana masu cip sun yi tashe bayan fitowar Skylanders a 2011, amma Disney ta rufe Disney Infinity a 2016, aka dakatar da Lego Dimensions a 2017. Makarantar da ta zuba kuɗi a kayan da ba sa aiki sai da sabar kamfani, ranar da aka kashe sabar, roba kawai ta rage mata.

Wanda ke son gwadawa

Matakin farko shi ne a duba saitin waya ko tana da NFC, domin yawancin wayoyi masu araha ba su da ita. Idan akwai, sitikun NTAG213 da manhaja irin NFC Tools sun isa a fara karanta lamba da rubuta gajeren saƙo. Mai ɗan ilimin JavaScript na iya amfani da Web NFC da ke cikin Chrome na Android tun 2021, ya haɗa kowace lamba da muryar da ya naɗa. MIT App Inventor ma na da ɓangaren NFC ga wanda bai iya rubuta kod ba. Idan wayar ba ta da NFC, alamar QR da aka buga a takarda za ta yi aikin ta kyamara. Wanda kuma ba ya son waya a hannun yaro kwata-kwata zai iya haɗa Arduino da makaranciyar kati ta RC522 da ƙaramar na'urar kunna MP3, kamar yadda masu aikin TonUINO na Jamus suka yi suka kuma saki tsarinsu kyauta.

Akwai abubuwan lura. Ƙarfe na kashe siginar NFC, don haka sitika ta yau da kullum ba za ta yi aiki a jikin kofin silba ba, sai wadda aka yi musamman don ƙarfe, ko a koma kofin roba. Sitikar takarda ba ta jure wanki, gara mai rufin roba. Ƙananan abubuwa haɗari ne ga yaron da bai kai shekara 3 ba domin zai kai su baki. A ajiye muryoyi a cikin na'urar, don aikin ya tafi ko babu data. Idan kuma manhajar na adana bayanan mara lafiya, sirrinsa amana ce.

Ga wanda ke da mai shanyewar ɓarin jiki a gida, likitan fisiyo ne zai faɗi irin motsin da ya dace, da nisan da za a ajiye kofin, da lokacin da za a tsaya, musamman idan kafaɗa na ciwo. Aikin mai waya shi ne ya liƙa sitikar, ya sa manhajar ta ƙirga, ranar komawa asibiti ya nuna wa likitan adadin da aka yi kowace rana.